Kahaba, Babban Birnin da Aka Kwashe a Jirgin Ruwa

A kudancin Amurka, cikin jihar Alabama, akwai inda Kogin Kahaba ke zubawa cikin Kogin Alabama, kimanin kilomita 22 daga garin Selma. Wanda ya bi hanyar da mota zai ratsa gonaki da daji har ya tarar da allo an rubuta Old Cahawba, da ɗan ofishin karɓar baƙi inda ake ba da taswira. Daga nan sai tituna. Tituna ne sosai, miƙaƙƙu, suna gicciye juna, da allunan sunayensu a kan kwana, amma yawancinsu babu gida ko ɗaya a bakinsu. Itatuwa ne suka cike inda kantuna da otal-otal suka taɓa tsayawa, wata ciyawa mai ruwan toka tana reto a rassansu. Wannan kufai shi ne babban birnin Alabama na farko da aka gina don ya zama mazaunin gwamnati na dindindin, kuma yau Hukumar Tarihi ta jihar ce ke kula da shi.

Idan aka tambayi abin da ya kashe garin, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce ambaliya. Ruwa ya yi nasa, babu musu. Amma wanda ya bi labarin a tsanake zai ga hannun mutane ya fi na kogi yawa a ciki, zai kuma ga garin ya daɗe da rai bayan lokacin da aka ce ya mutu.

Gwamnan jihar na farko, William Wyatt Bibb, shi ya zaɓi wurin. A 1819 aka yi gwanjon filaye, aka shata tituna bisa tsarin birnin Filadelfiya, aka raɗa wa da yawa daga cikinsu sunayen itatuwa, kuma a 1820 gwamnati ta tare a wani bene na jan bulo. Masu awon fili sun tarar da alamar cewa ba su ne na farko ba. A bakin kogin akwai babban tulin ƙasa da gwalalo mai zagaye da shi, ragowar wani ƙauye na 'yan asalin ƙasar da ya watse tun ɗaruruwan shekaru kafin nan. Wato a kan kufai aka kafa garin tun farko. Bibb ya so a ɗora ginin majalisa a kan wannan tudu, amma bai ga cikar burinsa ba, don ya rasu a 1820 bayan faɗuwa daga kan doki. Tudun ma daga baya kwashe ƙasarsa aka yi, aka yi cikon layin dogo da ita. Gwalalon kaɗai ya rage, kuma mai lura zai ga lanƙwasarsa a ƙasa har yanzu.

Shekara shida kawai gwamnati ta yi a nan. Wurin kwari ne tsakanin ruwa biyu, ga sauro, ga zazzaɓin shawara da ya kashe mutane a farkon shekarun, ga kogi da ke tumbatsa. Sai dai kuma 'yan majalisar arewacin jihar dama ba su so a kai hedikwata kudu ba, kuma ambaliyar 1825 ta zo musu daidai wa daida. Masana tarihin wurin na ganin an zuzuta ɓarnar ruwan fiye da yadda ta kasance, an fake da guzuma an harbi karsana. A 1826 aka mayar da babban birni Tuskalusa. Ita ma bayan shekara 20 aka ƙwace daga hannunta aka kai Montgomeri, inda yake har gobe.

Abin mamaki, tashin gwamnati bai durƙusar da Kahaba ba. Ta ci gaba da zama hedikwatar gundumar Dalas, kuma ta faɗa tsakiyar kasuwar da ta fi kowace kawo kuɗi a lokacin, wato auduga. Garin na cikin yankin baƙar ƙasa mai albarka da ya ratsa tsakiyar jihar. Manyan gandaye suna kawo dilolin auduga bakin kogi, jiragen ruwa masu tururi suna lodi suna gangarawa da ita tashar Mobil, daga can sai masaƙun Ingila da na arewacin Amurka. Kuɗi ya shigo, aka gina manyan gidaje da coci-coci da makarantar 'yan mata, kafin 1860 kuma layin dogo ya haɗa garin da Mariyon. Wani attajiri, Edward Perine, ya haƙa rijiya mai zurfin gaske irin wadda ruwanta ke tunkuɗowa sama da kansa, ya bi da ruwan ta bututu cikin bangon gidansa don ya sanyaya ɗakuna. Gidan ya tafi, rijiyar tana nan tana zuba. A ƙidayar 1860 mutanen garin sun kai wajen 2,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku baƙar fata ne, mafi yawansu bayi. Su suka noma audugar, su suka ƙona bulon, su suka ɗora shi.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, kuma nan ne ya kamata mai ziyara ya rage sauri. A bakin kogi akwai wani fili da za a iya wucewa ba a kula ba. A nan wani sito na auduga yake, wanda gwamnatin 'yan tawayen Kudu ta mayar kurkukun fursunonin yaƙi a 1863, ake kiransa Castle Morgan. Wurin kwanan da aka tanada bai kai na mutum 500 ba, amma zuwa farkon 1865 an cusa fiye da 3,000. Rufin bai rufe ginin duka ba. Ruwan shansu daga wata rijiya yake fitowa cikin gari, ya biyo buɗaɗɗiyar kwata a gefen titi, inda mutane ke wanki da zubar da ƙazanta, dabbobi na sha, kafin ya shiga ƙarƙashin katangar kurkuku. Da kogi ya cika a farkon 1865, ruwa ya shiga ginin, mutane suka yi kwanaki a tsaye cikinsa saboda babu busasshen wurin da zai ishe su. Duk da haka waɗanda aka rubuta sun mutu a nan ba su kai 150 ba, abin da ake dangantawa da shugaban kurkukun, Henry Henderson, wanda limamin coci ne. A kurkukun Andasonbil na jihar Jojiya kusan mutum 13,000 ne suka mutu.

Ƙaddarar da yawa daga cikin waɗanda suka fita da rai tana jiran su a gaba. An loda su tare da wasu fursunonin a wani jirgin ruwa mai suna Sultana don a kai su gida. An yi jirgin ne don mutum 376, aka ɗora masa fiye da 2,000. Ranar 27 ga Afrilu, 1865, tukunyar tururinsa ta fashe a Kogin Misisipi kusa da Memfis, fiye da mutum 1,100 suka hallaka.

Abin da ya karya ƙashin bayan garin ya faru ne a cikin waɗannan shekaru. Gwamnatin Kudu ta ɓalle ƙarafan layin dogon Kahaba ta kai su wani layin da ya fi mata amfani a yaƙi. Bauta ta ƙare, dukiyar masu gandaye ta ruguje. A 1866 aka mayar da hedikwatar gunduma Selma, wadda ke da jirgin ƙasa, kuma inda kotu ta tafi can lauyoyi da 'yan kasuwa ke bi. Ba su tafi hannu rabbana ba. Gidajensu suka warware, katako da bulo da ƙofofi, suka kai Selma suka sake ɗorawa. Wanda ya san Zungeru, da yadda Turawa suka mayar da hedikwatar Arewacin Najeriya Kaduna har daga baya aka kwance gadar Lugga aka bi ta da ita, ba zai ji wannan baƙon abu ba. Kafin ƙarshen ƙarnin, wani 'yantaccen bawa ya sayi mafi yawan filin garin a kan dala 500, ya rushe gine-ginen da aka bari, ya tura kayan Mobil da Selma a jirgin ruwa. Abin da bayi suka gina ba a biya su ba, ɗaya daga cikinsu ya sayar.

Shi ya sa abin da ya tsira kaɗan ne, kuma kowanne da dalilinsa. Kusa da mahaɗar kogunan akwai wasu ginshiƙai na jan bulo tsaye su kaɗai, ragowar gidan Richard Crocheron, ɗan kasuwa daga New York. A gidan ne janar-janar biyu na ɓangarorin yaƙi, Nathan Bedford Forrest da James Wilson, suka zauna kan musayar fursunoni bayan faɗuwar Selma a 1865. Gidan ya ƙone daga baya, masu tsintar bulo suka kwashe bango kaf. Ginshiƙan sun kuɓuta ne saboda bulonsu lanƙwasasshe ne, an ƙera shi musamman don ya ba da zagaye, ba ya shiga miƙaƙƙen bango. Rashin amfani ne ya cece su.

A nan nake ganin yawancin masu ba da labarin Kahaba suna saurin rufe littafi. Sukan tsaya a 1866, kamar da tashin masu kuɗi gari ya zama fayau. Alhali kuwa iyalan 'yantattun bayi kusan 70 sun zauna a wurin. Sun mayar da filayen unguwanni gonaki. Kotun da aka bari babu kowa ta zama wurin taronsu na siyasa, a 'yan shekarun da aka bar baƙar fata suka yi zaɓe suka kuma shiga majalisa. Cocin Methodist na Turawa ya koma hannunsu, suka yi ibada a cikinsa har gobarar daji ta cinye shi a 1954, kuma kusa da kangonsa akwai makaranta mai aji ɗaya da 'ya'yansu suka yi karatu a ciki. Ɗaya daga cikin gidaje ƙalilan da ke tsaye wani tsohon bawa ne da ya yi sojan Arewa ya saye shi, zuriyarsa suka zauna ciki har kusan ƙarshen ƙarni na 20. Maƙabartar da aka keɓe wa bayi tun kafuwar garin an ci gaba da binne mutane a cikinta har shekarun 1950. Idan aka yi lissafi, zaman da baƙar fata suka yi a Kahaba bayan an ce ta mutu ya fi tsawon dukan zamanin mulki da na auduga a haɗe. A hukumance ma sai a 1989 aka soke matsayinta na gari.

Gine-gine biyu sun ishi shaida. Na farko wani bene ne na bulo da aka gina wajen 1860 don bayin gidan Stephen Barker. Babban gidan ubangidan ya ƙone a 1935, sai masu shi na lokacin suka gyara ɗakin bayin, suka sa masa ginshiƙai a gaba, suka koma ciki. Baƙo yakan ɗauka gidan attajiri ne sai ya karanta allo. Na biyu cocin St. Luke's ne, ginin katako na 1854 bisa zanen Richard Upjohn. A 1878 aka warware shi aka kai wani ƙauye, inda daga baya wata jama'ar Baptist ta baƙar fata ta yi shekaru da dama tana ibada a ciki. Ba don sun yi ta amfani da shi ba, da ruɓewa zai yi. Daga 2006 ɗaliban zanen gini na Jami'ar Auburn suka sake kwance shi katako bayan katako, suka dawo da shi Kahaba, amma suka ɗora shi a kan tudu kusa da ƙofar shiga, nesa da inda ruwa ke kaiwa.

Salon adana wurin ya burge ni ta fuska ɗaya: ba a sake gina garin ba. An sa shi cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa a 1973, aka share tituna, aka kafa alluna masu tsoffin hotuna a daidai inda gine-ginen suke, aka bar daji da sauran. Mai yawo a ƙafa ko a keke dole ya koyi karanta ƙasa. Ramin da ya lotsa, ɗakin ƙarƙashin wani gida ne. Furen lambu da ya fito a tsakiyar daji, wata ce ta dasa shi a ƙofar gidanta fiye da shekara 150 da suka wuce. Doka ta hana haƙa ko ɗaukar ko da gutsuren bulo, kuma da bazara zafi da sauro da macizai ba wasa ba ne.

Inda ban gamsu ba shi ne cinikin fatalwa. Akwai tsohon labarin wani dunƙulen haske da aka ce yana bin mutane a lambun gidan Kanar Pegues a 1862, wanda marubuciya Kathryn Tucker Windham ta yaɗa a littafinta na fatalwowin Alabama, kuma a watan Oktoba akan shirya zagayen dare saboda masu son tsoro. Yana kawo baƙi da kuɗin gyara, ba na raina wannan. Amma wurin da aka yi gwanjon mutane, aka kuma tsare dubbai cikin ruwa, ba ya buƙatar a ƙirƙiro masa abin ta da hankali.

Wanda ya gama zagaye ya koma Selma, ya tsaya a gadar da ta haye Kogin Alabama a tsakiyar gari. Sunanta Edmund Pettus, kuma mai sunan lauya ne a Kahaba kafin yaƙi, ya zama janar a rundunar Kudu, ya bi kotu zuwa Selma, ya shugabanci ƙungiyar Ku Klux Klan a jihar, ya mutu yana sanata a 1907. A kan gadarsa ne, ranar 7 ga Maris, 1965, 'yan sandan jiha suka far wa masu tattaki kusan 600 da kulake da barkonon tsohuwa. Abin da suka fito nema shi ne 'yancin jefa ƙuri'a, wanda 'yantattun bayin gundumar suka yi ta taro a kansa a kotun Kahaba kusan shekara 100 kafin nan, aka kuma ƙwace daga baya. Watanni biyar bayan dukan gada, ranar 6 ga Agusta, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe.