Sawun da Ya Tona Asirin Shuri

Sau uku a kakar bara ɗan yayata ya faɗi a fagen dambe a Babura, kuma a duka ukun babu hannun da ya taɓa shi. Zai ɗaga ƙafar dama ya kai shurin kwiɓi, wanda ya fi ƙauna, sai ka ga ya yi tangal-tangal ya dafa ƙasa. A dambe kuwa, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, masu kalangu su koma wa abokin karawa da kirari.

Yayata ta ce sammu ne, an ɗaure masa ƙafa. Ban yi mata musu ba, don fagen dambe bai rabu da layu da kambu ba tun zamanin su Shago. Amma abu guda ya hana ni sakat: a tsakar gida yaron nan yakan shuri buhun ƙaiƙayi sau hamsin a jere, buhun na lilo, shi ko gezau.

Na fara zargin tsoro ne, ko ihun 'yan kallo ke ruɗa shi. Sai na tuna ya sa zare da waɗanda suka fi shi girma, ya yi turmi uku babu kisa, muddin bai ɗaga ƙafa ba. Matsoraci ba ya haka.

Wata safiya na same shi yana shafa man zafi. "Kawu, gwiwar nan ce ke damuna," in ji shi. Na duba, ashe ta hagu ya riƙe. Ƙafar da ke duka lafiyarta ƙalau, wadda ke tsaye ita ke ciwo. Nan na gane mun daɗe muna kallon ƙafar da ba ta da laifi.

Na kai shi wurin wani dattijon mahauci da ya yi dambe a ƙuruciyarsa, dama wasan gadonsu ne. Bai tambaye mu komai ba. Ya ce mu same shi a fagen da sassafe, kafin awaki su ɓata ƙasa. Ya share rairayi da tafin hannu, ya ba ni buhu na riƙe, ya ce yaron ya kawo shuri. Da yaron ya gama, dattijon ya ce, "Matsa gefe, yaro, dubi sawunka."

Rami ne mai siffar ƙafa cikakkiya, diddige ya nutse, yatsu na kallon gaba. Sannan Baba mahaucin ya tattare wandonsa ya kai shuri ɗaya, ƙasa-ƙasa, daidai cinya. Nasa sawun rabin da'ira ne kamar bakin ƙwarya, gaban tafin ƙafa ya murza yashi, diddige da ƙyar ya bar alama.

Ƙarfin shuri daga ƙugu yake fitowa, ƙugu kuma ba ya juyawa sai ƙafar da ke ƙasa ta juya tare da shi. Idan ta kafe, murɗawar duka a gwiwa take sauka, jiki ya rasa madafa. To me ya sa bai taɓa faɗuwa a gida ba? Tsakar gidan daɓe ne mai santsi, ƙafar na sulɓewa da kanta bai sani ba. Fage kuwa jigawa ce, ƙasar da jiharmu ta samo suna daga gare ta, ita kuma in ka taka ta da dukan tafi sai ta riƙe ka.

Da dare muka tabbatar a waya. Muka rage gudun bidiyon Issoufou Alfaga, ɗan Nijar da ya ci azurfa a wasan Tekwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Muka ƙi kallon ƙafar da ke sama. Ta ƙasa muka zuba wa ido, ga diddige na juyowa wajen abokin karawa.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Aka mayar da buhun cikin yashi. Baba ya koya masa ya fara taka ƙafar hagu gefe kaɗan, yatsu a buɗe waje, nauyi a gaban tafi, kafin ta dama ta tashi. A hankali, ashirin-ashirin kowace ƙafa, da ƙwauri ake duka, hannun garkuwa na sama, ƙafa ta dawo mazauninta da sauri. Ya hana shi shurin kai, ya hana shi dukan kututturen bishiya. Ni ma shurin cinya na fi yarda da shi a ƙasarmu, don mai yin sa ba ya daɗewa a kan ƙafa ɗaya.

Bana ya shiga fage sau huɗu, bai dafa ƙasa da kansa ba ko sau ɗaya. Kai da ke koyon shuri, share yashi gobe da safe, ka buga, ka dubi sawunka.