Wanke Ɓargo Kafin a Mayar wa Mai Shi

A cikin ɓargon ƙashi ake haifar jini, kuma nan ne sankarar jini mai saurin yaɗuwa da likitoci ke kira AML take tsirowa. Maganin da zai ƙare ta gaba ɗaya yakan hallaka ɓargon ma, don haka sai an dasa wani bayansa. Na ɗan'uwa aka fi so, amma damar jininku ya dace da na wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ce cikin huɗu. Wanda bai samu ba fa?

Sai likitoci suka koma kan majiyyacin kansa. Idan cutar ta lafa, a ɗebi ɓargonsa daga ƙashin ƙugu, a daskarar, a ba shi magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da abinsa. Matsalar dai ita ce, lafawa ba warkewa ba ce. Manomin da ya ƙone gona ya shuka iri mai gauraye da wuta-wuta, shi ya dawo da ita da hannunsa. A binciken da aka wallafa a 1993, Malcolm Brenner da abokan aikinsa a asibitin St. Jude na Amurka sun sanya wa ɓargon da aka ɗiba alama, kuma da cutar ta dawo wa wasu yara, an ga alamar a ƙwayoyinta.

Tun kafin wannan hujja an fara wanke ɓargon da aka ɗiba don kashe ragowar ƙwayoyin cutar. A Johns Hopkins an jiƙa ɓargo da sinadarin 4-HC, aka wallafa sakamakon a 1986, Norbert-Claude Gorin kuwa ya yi amfani da mafosfamide a Faransa. Dabarar tana da kyau ƙwarai: uwayen ƙwayoyin jini masu lafiya suna da wani sinadari mai yawa da ke karya wannan guba, su tsira, na sankara su mutu.

Majiyyata sun ɗanɗana kuɗarsu. Wankakken ɓargo yana jinkirin kamawa, mutum ya shafe makonni, wani ma watanni, ana ƙara masa ƙwayoyin tsayar da zubar jini. Ba a kuma yi babban gwaji na kwatanci da ya tabbatar da amfanin wankin ba. Yanzu an fi wanke cutar tun tana jikin mutum da maganin cytarabine mai yawa, a auna ragowarta, sannan a tatsi uwayen ƙwayoyin daga jijiya.