Gadon Jariri a Ciki da Falo: A Auna Kafin a Saya

A yawancin gidajen haya na Kano, Kaduna da Zariya, ɗakin ma'aurata kan cika tun ranar jere. Ga gado mai faɗin ƙafa 6, ga sif ɗin kaya, ga madubi, ga akwatunan lefe an ɗora a sama. Filin da ya rage da ƙyar yake isar shimfiɗa sallaya. A haka ake shiga lissafin kayan haihuwa, miji ko kakar jariri su shiga kasuwa su ɗauko gado mai rumfa da labule da ƙararrawa. Bayan suna da wata guda, gadon ya zama ma'ajiyar wanki, jaririn kuwa yana nan a ƙirjin uwarsa.

Babu laifin mai jego a nan. Macen da ke shayarwa sau da yawa cikin dare ba za ta riƙa saukowa tana zagaye gado, balle ta fita falo, don ɗauko yaro da mayar da shi ba. Duk gadon da ba zai zauna daf da gefen da take kwanciya ba, inda za ta miƙa hannu ta taɓa ɗanta, asarar kuɗi ne komai kyansa. Saboda haka tef ɗin awo ake fara ɗauka, kafin a tambayi farashi.

Wani zai ce iyayenmu ba su san gadon jariri ba, kuma ga mu mun girma. Gaskiya ne, kuma kwana kusa da uwa yana taimaka wa shayarwa. Sai dai shimfiɗar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce. Tabarma ko gadon kara ba ya lotsawa. Katifar soso mai kauri da matasai da bargo mai nauyi kuwa suna iya toshe hancin jaririn da bai iya ɗaga kansa ba, musamman idan yayyensa ma a nan suke birgima. Likitoci sun daɗe suna bibiyar mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci, wadda ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4. A Amurka, bayan gangamin da aka fara a 1994 na a riƙa kwantar da jarirai rigingine, irin wannan mutuwar ta ragu da kusan rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, a shawararta ta 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata 6 na farko, amma a shimfiɗarsa ta daban, mai tauri, wadda ba ta da gangare. Ɗaki guda kam muna da shi, ko muna so ko ba ma so. Shimfiɗar daban ce aikin.

Gadon da aka fi kawowa daga Turai faɗinsa santimita 60 ne, tsawo 120, akwai kuma babba mai 70 da 140. Dukansu sun yi wa ɗakin haya yawa. Akwai ƙarami mai kimanin 60 da 95, sai kwandon jariri da tsawonsa bai cika wuce 80 ba. Kwando yana da sauƙin ɗauka, wanda ya dace da mai haihuwar fari da za ta tafi wanka gidan iyayenta, amma ranar da yaro ya fara juyi ko dogara hannu ya ɗago, wajen wata 4 zuwa 6, aikinsa ya ƙare. A ganina ƙaramin gadon nan ya fi riba, don sau da yawa yakan kai yaro kusa da yaye.

Mafi arha kuma shi ne a ba kafinta, in dai za a tafi masa da awo a rubuce, ba hoto a waya kawai ba. Kafintocinmu, daga na kusa da 'Yan Katako a Na'ibawa har na Panteka a Kaduna, sun iya aiki, amma idan aka bar su da ido sai su bi kyan gani. A fara sayen katifa mai tauri, a kai masa ya gina gadon a kanta. Idan yatsu fiye da 2 suna shiga tsakanin katifa da jikin gado, ramin ya isa fuskar jariri ta faɗa. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6. Gwangwanin lemo ya isa gwaji, in ya ratsa, to jikin jariri ma zai ratsa, kansa ya maƙale. Daga saman katifa zuwa bakin gado a samu kamar santimita 50 kafin yaro ya fara miƙewa. A hana kafintan zanen huda a allon kai, a kuma hana shi 'yan tulluwar ado a kusurwa, domin nan ne riga ko zaren laya ke sarƙewa. Layar ma, da duk wani zare na wuya, gara a cire lokacin barci.

Sai fenti. Yaro in ya fara haƙori bakin gadonsa yake gwaguya, tsohon fenti da mai arha kuwa suna iya ɗauke da dalma. Tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinariya mai ɗauke da dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ba ma buƙatar a yi mana bayanin illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro. Katakon da aka goge sumul aka bar shi ba fenti ya wadatar.

'Yan gwanjo fa? Ana samun kaya masu ƙwari a wurinsu, amma a buɗe ido. Gadon da gefensa ɗaya ke zamewa ƙasa, wanda mai sayarwa zai yi ta yabo, Amurka ta haramta sayar da shi tun 2011, bayan ya yi ajalin yara fiye da 30 da suka maƙale a inda ya ɓalle. A 2022 ta ƙara haramta matasan da ake zagaye cikin gado da su, da kujerun barci masu gangare. Babu abin da ya hana irin waɗannan kaya su biyo kwantena su zo mana. A girgiza gadon a ji ko yana rawa, a ƙirga kusoshinsa, a leƙa gaɓoɓinsa saboda kuɗin cizo.

Akwai abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, wato sauro. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Labulen ado da ke zuwa da gado ba gidan sauro ba ne. A sami mai magani, irin wanda ake ba mata a wurin awo, a ɗaure shi daga sama, a ja shi ya yi tsam yadda ba zai sauko wa yaro a fuska ba. In gadon yana manne da na uwa, babban gidan sauro ɗaya yakan rufe su duka. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, gado mai sanduna ko raga ya fi rufaffe shan iska. Da hunturu kuma, a ƙara wa yaro riga maimakon a lulluɓe shi da bargo, kaskon garwashi da na turare su tsaya a waje.

Wanda ko kuɗin kafinta bai samu ba, kada ya ga kamar an bar shi a baya. Tun 1938 gwamnatin Finlan ke ba masu ciki kwalin kayan haihuwa, daga 1949 ya zama na kowa, kuma a cikin kwalin, bisa 'yar siririyar katifa, jarirai da yawa suke barcinsu na farko. 'Yan ƙabilar Mawori a Niyu Zilan kwando suke saƙawa da ganye, su ajiye shi a kan gadon uwa, jariri na kusa amma yana da iyakarsa. Masaƙan kabarmu za su iya yin irinsa, muddin gindin ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, gefen kuma ya tsaya da kansa.

Da yake a wurinmu sau da yawa dangi ne ke kawo gadon a kayan barka, kuma kunya kan hana a tanka, gara tun ciki na wata 7 a gaya wa wanda ya ɗauki nauyin sayen faɗi da tsawon filin da ke gefen gadon uwar.