Doki a ƙasar Gaya: daga fagen fama zuwa filin hawa

Doki ya daɗe yana riƙe da ragamar yaƙi a ƙasar Kano. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma yakan aika wa Kwararafa dawaki a ba shi bayi. Tun daga nan doki ya zama makami, ya zama kuma haja.

Ƙasar Gaya da Ajingi ta dace da wannan tsari. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai rairayi, ƙudan tsando bai dame shi ba, ga dawa da harawa da dusa. Ga shi kuma yana kan hanyar gabas, inda manyan dawakin Barno suke shigowa. Saboda haka Sarkin Gaya ya zama mai tsaron ƙofar Kano ta gabas, kuma mai barade da yawa yakan ji ƙarfin ɗaga kai: a zamanin Sarki Dadi, tsakanin 1670 da 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya hana haraji, har aka yaudare shi aka kashe.

Ɗawainiyar doki kuwa ba ƙarama ba ce. Ingarma ɗaya na bukatar mai yankan ciyawa, da mai share turke, da baduku mai ɗinka kayan sirdi, da maƙeri mai ƙera linzami da likkafa. Wannan nauyi a wuyan bayi da talakawa ya sauka, su ne kuma mahaya suka fi cimma a gona idan an kawo hari. Shi ya sa garuruwa suka kewaye kansu da ganuwa, musamman a ƙarni na 19, lokacin da Sarki Buhari na Haɗejiya da Ningawa suka addabi gabas da kudancin Kano. Dokin kansa ma ya ɗanɗana kuɗarsa, domin shi kibiya mai dafi take fara samu. Lifidi ba ado ba ne, garkuwa ce.

Bindiga ce ta rufe wannan babi. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, mahayan Kano sun yi sukuwa kan sojojin Ingila a Kwatarkwashi, harsashi ya tare su, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a wurin.

Abin da ya rage shi ne hawa. Sarautu irin su Madaki da Barde da Shamaki suna nan, 'yan lifidi suna fita ranar Sallah, jafi kuma ragowar sukuwar yaƙi ce da ta koma gaisuwar mubaya'a. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin gadon al'adun duniya. Sai dai tsadar hatsi ta sa riƙon doki ya gagari gidaje da dama, babur ya karɓe zirga-zirgar ƙauye, dukawa masu kayan doki kuma ciniki ya fi zo musu gab da Sallah ko lokacin hawan angwanci.