Hattara da Gaggawar Turi, Kada Ta Cinye Mana Muryar Narambaɗa

Jama'ar Burkusuma, Sabon Birni da Isa, wata ɓarna tana yaɗuwa a shagunan turin waƙa, kuma da kuɗinmu ake yi mana ita. Mutum ya kai faifan CD da ya gada, a kwashe waƙoƙin zuwa memori cikin 'yan mintoci, faifan kuma a jefa wa yara su yi wasa. Sauri ya haifi nawa ke nan, domin abin da ya ɗauko guntu ne, asalin kuwa ya tafi.

Faifan sauti na gaske yana fitar da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 mai 128 kuwa kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya kawai yake riƙewa, ya zubar da saura. Idan wani ya sake matse shi don ya samu wuri a waya, sai kotso ya dushe, muryoyin 'yan amshi su cakuɗe. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ba zai tashi ya sake rera mana ba. Haka Musa Ɗanƙwairo.

Masu turi, ku ji tsoron Allah, amana aka ba ku. Ku daina ɗora manhajar sata da aka fasa, domin ta nan bairos yake shiga kwamfuta, ya bi kowane memorin da aka soka, ya ɓoye wa mutane kayansu. Akwai Exact Audio Copy, kyauta ce, tun 1998 ake aiki da ita. Ku saita ta a kan Secure Mode: tana maimaita karanta wurin da ya karce, ta kuma faɗa muku inda ta kasa. Ku adana uwar kwafi a FLAC, wadda ba ta zubar da komai, sannan ku fitar wa mai waya MP3 mai 320. Idan faifan dama MP3 ne a ciki, ku kwafe shi yadda yake. Ku rubuta sunan makaɗi da na waƙa daidai, kada jikokinmu su jingina waƙar wani ga wani. Mawaƙin da ke raye kuma, sayar da aikinsa ba da izninsa ba cin haƙƙi ne.

Kada kowa ya ce ai komai yana intanet. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da namu. Rashin tsaro ya raba iyalai da gidajensu, zafin rana kuma yana kashe faifai.

Don haka ku ajiye kwafi biyu, ɗaya a hannu, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, faifan kuma ya koma cikin kwalinsa a inuwa. Duk mai tsohon faifai ya yi wannan aiki yanzu, tun faifan yana karantuwa.