Kwalara: ire-iren ƙwayarta da hanyar da take bi ta shiga gari

'Yan'uwa, da zarar damina ta kankama mukan fara jin labarin amai da gudawa a ƙauye kaza ko unguwa kaza. Ba kowace gudawa ce kwalara ba, amma idan babban mutum ya fara zawo fari tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, idanunsa suka faɗa cikin 'yan awoyi, to, kada a jira gari ya waye.

Ƙwayar da ke kawo ta likitoci suna kiranta Vibrio cholerae. Danginta sun fi 200, amma biyu kaɗai ke tayar da annoba: O1 da O139. Ita O139 ta ɓulla a Indiya da Bangladesh a 1992, kuma ba ta yaɗu zuwa Afirka ba, saboda haka ba za mu tsaya a kanta ba. Tamu ita ce O1, wadda ta kasu gida biyu. Akwai tsohuwar, wadda yanzu kusan ba a ganinta, akwai kuma El Tor, wadda ta samo sunanta daga wani wurin killace matafiya a Sinai, inda aka fara gano ta a 1905. Ita El Tor ce ta tashi daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, har yau ba ta tafi ba. Idan kun ji jami'an lafiya suna cewa Ogawa ko Inaba, alamu ne da ake bambanta O1 da su a ɗakin gwaji. Ciwon ɗaya ne, jinyar ma ɗaya ce.

Me ya sa El Tor ta kori tsohuwar? Ta fi ta daɗewa da rai a cikin ruwa, kuma yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa kwanciya. Mutum yana lafiya lau, yana zuwa gona, yana zuwa sujada, alhali bayan gidansa na ɗauke da ƙwayar har kwana 10. Idan ya zaga a daji ko bakin rafi, ruwan sama ya kwashe ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi, shi ke nan, gida goma sun sha. Daga sha zuwa fara ciwo awa 12 ne zuwa kwana 5. Wannan ne ya sa ake ganin kamar annobar ta faɗo rana ɗaya, har wasu su fara zargin maita ko sammu. Zargin nan ya raba zumunci da yawa a banza, rijiyar kuwa tana nan ana ta ɗiba.

Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gidajen mamata ɗaya bayan ɗaya, ya tarar yawancinsu daga famfo guda suke shan ruwa. Har yau abin da ma'aikatan lafiya ke tambaya ke nan: ina kuka ɗebo ruwa, me kuka ci, wane taro kuka je? A 2021 Najeriya ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Tambayar taron nan ta shafe mu kai tsaye. A babban taron ikilisiya ko na zumuntar mata, ɗaruruwa sukan kwana a harabar majami'a da masai biyu ko uku, kowa yana tsoma moɗa ɗaya a randa. Jana'iza ta fi haɗari, domin gawar mai kwalara da tufafinsa suna cike da ƙwayar, kuma sau da yawa hannun da ya yi wankan gawa shi ne zai tuƙa tuwon masu zaman makoki. A lokacin annoba, dattawa su bar ma'aikatan lafiya su shirya gawar da ruwan kulorin, a binne da wuri, a dakatar da rabon abinci.

Abin da ke kisa ƙarewar ruwan jiki ne. Idan an mayar da shi da sauri, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. A samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana kan hanyar asibiti. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba jaririnta nono.