Shinge Mai Rai: Zaɓen Tsirran da Ke Saurin Rufe Katanga da Garka a Dawce

Dawce na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin gundumar Kance, wadda Matameye ce hedikwatarta, a kudancin jihar Damagaram, kusa da iyakar Najeriya ta wajen Daura. Yanki ne mai cunkoson jama'a inda gona ke haɗe da gona, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma da zarar an kwashe amfani sai a saki dabbobi su yi kiwo inda suka ga dama. Saboda haka duk mai garka, wato lambun da ake ba ruwa da rani, da duk mai gidan da katangarsa ta gajarta ko ta zube, tilas ne ya nemi abin da zai kange masa ido da iska da bakin akuya. Abin da aka saba shi ne darni na karan dawa, ko zana ta gamba, ko rassan ƙaya da ake sarowa a jera, amma dukansu matattu ne, gara na cin su ta ƙasa, iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana kayar da su, sai a sake sabo kowace shekara ko bayan shekara biyu. Shinge mai rai, wato jerin tsirran da aka dasa kusa da juna har suka sarƙe suka zama kariya, shi ne maganin wannan wahala mai maimaituwa.

Kuskuren da aka fi yi wajen zaɓe shi ne auna sauri da tsawon da tsiro ya yi a daminar farko, alhali a wannan ƙasa ma'aunin gaskiya shi ne ko tsiron zai ga damina ta biyu. Tsakanin watan Oktoba da watan Yuni akwai hunturu da bazara, akwai awaki da ba su da wani ɗanyen ganye sai wanda aka dasa, don haka itacen da ya yi mita biyu cikin wata huɗu sannan aka cinye shi a watan Fabrairu bai rufe komai ba.

Mafi saurin duka su ne masu yaɗo, kamar soso da duma da waken damfami, waɗanda ake shuka su da ruwan farko, su lulluɓe darni cikin wata biyu, su kuma bar wa gida abin wanka da ƙwarya da abin miya. Rayuwarsu ta damina ɗaya ce, kuma nauyin 'ya'yan duma yana iya karya tsohon darni. A jikin katangar laka ba su dace ba sai an kafa musu sanduna ko an ja igiya nesa kaɗan da bango, domin ganyen da ya manne da yaɓe yana riƙe laima, laima kuwa ita ce ke kiran gara, ita ce kuma ke ruɓar da gindin gini.

Aguwa, wadda masana tsirrai ke kira Euphorbia balsamifera, ita ce tsohuwar amsar ƙasar Hausa ga wannan tambaya, kuma har yau ana ganin ta a gefen burtali, hanyar da aka ware wa shanu tsakanin gonaki. Ba a jiran irinta ya tsiro, reshe ake sara mai tsawon kamu ɗaya ko fiye, a bar shi kwanaki kaɗan a inuwa har bakin saran ya bushe, sannan a kafa shi a ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka, domin reshen da aka dasa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan ruɓe. Farin ruwan da ke fita daga jikinta ne ke sa dabbobi su ƙyale ta, kuma wannan ne ya sa ta fi kowane tsiro tsallake rani ba tare da mai gadi ba. Aibinta shi ne tana zubar da ganye da rani, ga shi idan ta yi kauri ba a share gindinta ba, takan zama mafakar ɓeraye da macizai. Bini-da-zugu ma ta reshe ake dasa shi, dabbobi ba su cinsa, sai dai ya fi aguwa son ruwa, kuma 'ya'yansa suna da guba mai sa amai da gudawa, abin da ya kamata gidan da ke da ƙananan yara ya yi la'akari da shi tun kafin dasawa.

Zogale ne mutane suka fi ambata idan ana zancen sauri, kuma ba su yi ƙarya ba, domin idan ya samu ruwa yakan kai mita uku a shekarar farko. Amma zogalen da aka bari ya yi yadda yake so miƙewa yake yi sama, ya bar ƙasa a buɗe, wanda ke wucewa ya ga cikin gida ta tsakanin sanduna. Dabarar ita ce a datse kansa tun yana daidai ƙugu, a riƙa maimaitawa duk lokacin da aka tsinki ganyen kwaɗo ko na dambu, har ya yi rassa ta gefe ya cika. Wurinsa cikin katanga ne ko bayan wani shinge, inda zai ƙara wa gajeren bango tsawo, tunda babu ganyen da akuya ke so kamarsa, itacensa kuma mai taushi ne, ba ya tare komai.

Shingen da ke daɗewa yana fitowa ne daga tsirran da ba su da gaggawa: dirga, wato Bauhinia rufescens, da magarya, da bagaruwa, da lalle a inda ruwa ke kusa. Ƙwayar irin dirga da ta bagaruwa tana da tauri, shi ya sa ake jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin a shuka, ko a reni tsiron cikin leda a dasa shi idan damina ta kankama. Ana jera su layi biyu, tazarar rabin mita ko ƙasa da haka, kowane tsiro na layi na biyu yana fuskantar giɓin layin farko, kuma sukan ɗauki kimanin shekara uku kafin su sarƙe. A cikin waɗannan shekaru darni da masu yaɗo da aguwa ne ke riƙe da aikin, wanda ke nufin mai hankali ba ya zaɓen tsiro ɗaya, yana haɗa mai sauri da mai jinkiri ne a kan iyaka guda. Ladan jiran yana da yawa, domin magarya na ba da 'ya'ya, bagaruwa na ba majema abin jima, lalle kuwa kuɗi ne a hannun mata duk lokacin biki da salla.

Manyan itatuwa suna bukatar taka tsantsan. Dogonyaro, wanda asalinsa ƙasar Indiya ne, yana riƙe ganye da rani, kuma an ga amfaninsa wajen tare iska a kwarin Majiya na jihar Tawa, inda ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa shi layi-layi a 1975. Abin da ya yi kyau a faffadan kwari bai zama dole ya yi kyau a jikin bango ba, domin saiwarsa na tsaga katangar da aka dasa shi dab da ita, inuwarsa kuma tana danne tumatir da albasa, don haka sai a nisanta shi da gini mita uku ko fiye. Itacen turare yana shan ruwan da garka ke bukata. Ita kuwa ƙayar nan ta nahiyar Amurka, Prosopis juliflora, da aka yaɗa a Sahel bayan farin shekarun 1970, tana saurin rufewa ƙwarai, amma awaki na cin 'ya'yanta suna watsa irin cikin kashi, kuma yadda ta mamaye gefen tafkin Chadi a jihar Diffa ya isa gargaɗi ga mai fadama. Ko ƙaramin tsiro ne, ya kamata a bar kamar mita ɗaya tsakaninsa da katangar laka, domin mai yaɓe ya samu wurin tsayawa kafin damina, ruwan ban-ruwa kuma kada ya kwanta a gindin bango.

Akwai wani dalilin yin shinge mai rai da ya keɓanci wannan yanki. Gundumomin Magarya da Matameye (wato Kance) da Mirya sun yi suna wajen renon gawo a gonaki, har binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa manoma sun farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan ɗaya. Kowane shingen ƙaya da ake sabuntawa duk shekara daga rassan irin waɗannan itatuwa yake fitowa, gawo kuwa yana cikin itatuwan da doka ta kare, sararsa ba izini kan jawo tara daga ma'aikatan gandun daji. Sannan dasa itace a kan iyaka, a al'adar ƙasar, alama ce ta mallaka, saboda haka wanda ke noma garkar aro ko ta jingina sai ya nemi yardar mai ƙasa, wanda ke da maƙwabci kuma ya kira shi su tsaya tare a kan iyakar, a gaban mai gari ko wakilin kwamitin filaye na ƙauye, kafin a haƙa ramin farko.